Ranar da Ferney Ya Tsaya a Siatoca

Siatoca, watan Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Leonilde,

Gaisuwa mai yawa zuwa gare ki, tare da addu'ar wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarki Yurani da mijinta da 'yan jikokinmu. Allah ya ƙara miki ƙarfin baya, ya sa tsohuwar da kike jinya ta rage mita, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu a nan lafiya lau muke, sai godiya. Baba yana nan da ƙarfinsa, gwiwar ce dai take damunsa in hadari ya haɗu, amma bakin nan nasa ko kaɗan bai gaji ba. Dankalin gonar tudu ya yi kyau bana, na gangare kuwa ruwa ya ci rabinsa. 'Yata Marleny ta sauka lafiya, an samu mace, an yi mata baftisma ranar Lahadin da ta wuce, kuma sunanki aka sa mata, sai ki fara shirin kayan takwara. Kuka take yi dare da rana, Baba ya ce ba a yi kuskuren suna ba.

Na san za ki ce me ya hana ni kiranki a waya, sai na tsaya neman biro kamar mutanen da. Dalilin shi ne a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Kiran da kika yi mini kwanakin baya kin yi kuka, kin yi faɗa, kin ce an mai da ɗanki abin dariya a duniya, kuma ni da nake kusa da shi na zuba ido, sannan kika kashe kafin in ce uffan. Takarda ba a katse ta. Ki nemi kujera ki zauna, ki karanta har ƙarshe, in kin gama sai ki ci gaba da faɗan in da sauransa.

Ban manta da alkawarin da Ferney ya yi miki ba, domin ina wurin. Lokacin da kika zo hutun Kirsimeti, a kicin ɗin Baba, ina ɓare wake, ke kina tsaye da hannu a ƙugu, kika ce ya kusa shekara talatin ba mata ba gida, kuma duk lokacin da kika duba sakamakon tseren keke sai kin gaji da gangarawa kafin ki tarar da sunansa. Shi kuma ya ce, “Mama, ki ba ni baɗi kaɗai. In shekara mai zuwa ta fita ban ci ko zango ɗaya na tsere ba, zan rataye keken in zo in kama aikin da mijin Yurani ya samo mini a rumbun lemo.” Kika sa ya maimaita a gaban Baba, ya maimaita. To, tserukan bana sun ƙare, bai ci ko ɗaya ba. Ta wannan gefen gaskiyarki ce, ba na musu. Amma ɗan bidiyon da kika gani a waya, wanda ya nuna shi zaune a matakalar coci yana cin wainar masara ana tsaka da tsere, guntun labari ne. Ni ina tsaye a gefensa, har ana ganin bakin siket ɗina a ciki. Bari ki ji sauran daga bakina, tunda shi ko za a shekara ba zai buɗe baki ya kare kansa ba. Halin mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, ya kwaso kaf.

Shekarar ta zo wa ƙungiyarmu ta tseren keke da gardama tun daga farko. A tseren Janairu can bakin iyaka zafi ya kusa narka mana mahaya, 'ya'yan tsauni da ba su saba da gumi ba, na yi ta dama ruwan mazarƙwaila da lemon tsami har hannuna ya yi kanta. A Tolima ciwon ciki ya kwantar da rabinsu, kocinmu Don Ovidio ya so ya ɗora wa girkina, na ce masa ya je ya tuhumi mangwaron da suka saya a bakin hanya a ɓoye. Aldemar, gwanin hawanmu wanda kowa ke yi wa aiki, ya zo na biyu, ya zo na uku, ya sake zuwa na biyu, kamar wanda aka yi wa baki. Mai kamfanin madarar da ke ɗaukar nauyinmu ya fara ƙorafi, wai ya gaji da ganin kan saniyar da ke ƙirjin rigarmu a bayan rigunan wasu. Duk inda Aldemar ya kai kuwa, ɗanki ne ya kai shi. Shi ke shiga gaba ya tare masa iska, shi ke komawa mota ya cika rigarsa da gorunan ruwa ya dawo ya raba, in tayar Aldemar ta fashe ya cire tasa ya ba shi, shi ya tsaya a bakin hanya yana jiran bakanike. Ni da nake musu girki da safe, in yi musu tausa da yamma, ba na bukatar a karanta mini sakamako kafin in san ƙafar da ta yi aiki. Ta Ferney kullum kamar itace take isowa hannuna, kuma ban taɓa jin ya ce wash ba.

Da babban tseren zagaye ƙasa ya zo, sai aka ce bana hanyar wani zango za ta ratsa ta tsakiyar garinmu Siatoca, ta haye gada ta wuce ta gaban coci, abin da ba a taɓa yi ba tun muna yara. Su mahaya suna da wata al'ada a tsakaninsu wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba. In ayari zai ratsa garin mutum, sai ya je wurin mai sanye da rigar jagora, wato wanda ke kan gaba a tseren, ya roƙi izini. In an ba shi, sai a bar shi ya yi gaba shi kaɗai, ya shiga garinsu ya rungumi tsofaffinsa, sannan ya tsaya ya jira ayarin ya iso ya koma ciki. Ba mai binsa, domin an san gaisuwa ya tafi, ba gudu ba. A ranar rigar tana jikin Norbey, wani tsohon hannu mutumin Antioquia daga wata ƙungiya, mai baki kamar rediyo. Ferney ya matsa kusa da shi ya ce, “Babban yaya, garinmu ne a gaba, kakana yana bakin hanya.” Norbey ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Au, ashe kai ma kana da gari? Ni na zaci a motar ruwa aka haife ka. Je ka, ɗan saniya, ka gaida tsoho, amma kada ka cinye mana abincin garin kafin mu zo.” Aka yi dariya, aka buɗe masa hanya, ya fice.

Ni tun da safe na roƙi a sauke ni a dandalin gari da motarmu da jakunkunan guzuri. Leonilde, da kin ga Siatoca ranar nan! An share gaban coci, an rufe makaranta, an fito da 'yan badujala, har waɗanda suka daɗe ba su sauko daga tsauni ba sun sauko da bargunansu na zuwa coci. Baba ya sa hularsa ta biki ya zauna a kujera a tsakiyar hanya, sai da ɗan sanda ya roƙe shi kafin ya ja ta gefe. Ashe tun makon da ya gabata yake bin gidaje yana tara rokokin biki, masu tashi sama su fashe da ƙara, da suka rage daga ranar waliyyin gari, ya ɗanka su a hannun samari. Na yi ta bin mutane ina faɗa musu cewa in sun ga Ferney ya shigo shi kaɗai ba wai ya ci ba ne, gaisuwa ce kawai aka bar shi ya zo. Wa zai saurare ni? Baba ya kaɗa mini hannu ya ce, “Ke da tukunya aka san ki, Herminda, bar maza su yi maganar keke.” Mutumin da bai taɓa hawa keke ba a rayuwarsa, sai alfadari.

Sai ga shi ya hayo gada shi kaɗai, babu kowa a bayansa sai babur ɗin ɗan sanda. Aka kaɗa ƙararrawar coci, badujala ta ɗauka kowa da nasa kiɗan, mata suna ihu suna kiran sunansa. Ba zan ɓoye miki ba, kuka na yi. Yaron da muka yi ta goyo ni da ke, wanda ya shekara da shekaru yana ɗaukar ruwan wasu ba wanda ya san fuskarsa, ga shi yau gari guda ya tashi tsaye saboda shi. Ya sauka ya rungumi Baba har ya ɗaga shi daga ƙasa. Nan ne Baba, cikin murna, ya daka wa samari tsawa ya ce a cinna duka. Duka fa, lokaci guda. Ni kaina sai da na durƙusa. Shanun Don Crisanto suna kiwo a makiyayar da ke ƙasan gada, jin wannan rugugi suka firgita, suka ɓalle waya suka zubo kan titi, daidai inda hanya ta tsuke tsakanin dutse da rafi, kuma daidai lokacin da ayari ya ɓullo. Na gaba suka ja birki, na baya suka hau kansu, mutane da kekuna da shanu suka cakuɗe, motoci suka toshe a baya ba gaba ba baya. Norbey ma yana cikin waɗanda suka faɗi. Mu a dandali ba mu ga komai ba, daga rediyon motarmu na fara jin abin da ke faruwa.

Abin da na ji a rediyon shi ne Ferney yake ji a 'yar na'urar da ke kunnensa. Don Ovidio ne yake ihu daga motarsa da ta maƙale a bayan shanu, muryarsa har tana shaƙewa: “Ferney, tafi! Don girman Allah tafi! Sun tsaya cak, alƙalai ba su dakatar da tsere ba, doka tana bayanka! Tafi, ɗana, yau taka ce!” Kin san hanyar daga Siatoca zuwa kwari. Gangara ce kusan duka, gangarar da ya yi ta bi da tulunan madara tun bai kai tsawon keken ba, ya san kowace kwana da kowane rami. Da tazarar da ya samu, babu mahaluƙin da zai kamo shi. Zangon nan nasa ne, a babban tseren ƙasa, a gaban talabijin, kuma da shi alkawarinki ya warware. Duk wannan ya sani, ni ma na sani, har bakina ya buɗe zan ce masa ya tafi. Ya ɗora ƙafa a feda, ya dubi hanyar da ta gangara, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya zare na'urar daga kunnensa ya bar ta tana reto a wuyan riga, ya sauke ƙafarsa, ya jingina keken a bangon coci.

Baba ya kusa haukacewa. Ya cire hular bikin yana dukansa da ita yana cewa, “Kai wane irin sakarai ne? Hanya a buɗe kana tsaye kamar turke! Hau ka tafi, ko in hau maka!” Ferney ya riƙe hannunsa a hankali ya ce, “Kaka, gaisuwa na roƙa, ban roƙi zango ba.” Baba ya ce to ai ya gama gaisuwar, me kuma yake jira, a yanka masa rago? Ferney ya ce sai sun iso. Mutanen gari suka yi ca, wannan ya tura keken, wancan ya ja rigarsa, wani ma ya ce ko kuɗi aka ba shi. Shi kuwa ya je ya zauna a matakala. Gumi ya fara bushewa a jikinsa, kin san iskar dandalin nan, sai na cire bargon Baba na yafa masa. Doña Chiquinquirá mai waina ta miƙo masa ɗaya da zafinta. Wannan wainar ce duniya ta yi ta yi wa dariya. Ba yunwa ce ta sa ya karɓa ba, Leonilde, abin da zai riƙe kawai yake nema. Ya ɗago ya dube ni, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, “Inna, Mama za ta gani ko?” Na ce za ta gani. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da kallon gada.

Da ayarin ya samu ya kuɓuta, a fusace ya hayo. Duk sun riga sun yanke cewa ɗan ƙungiyar madara ya ci amanarsu ya gudu, don haka suka taso kamar za su cinye titi. Norbey ne a gaba, wando a yage, jini na zuba daga gwiwar hannunsa, yana ta zage-zage irin na mutanensu wanda ba zan iya rubutawa ba. Yana shigowa dandali sai idonsa ya faɗa kan Ferney a matakala da bargo a kafaɗa. Ya ɗaga hannu sama, ayarin nan duka ya rage gudu har ana jin ƙarar sarƙoƙi. Ya tsaya a gabansa ya ce, “Ɗan saniya, na ce kada ka cinye. Ka rage mini?” Ferney ya miƙa masa rabin wainar, Norbey ya tura a baki, ya dafa kansa ya ce, “Hau mu tafi.” Da Ferney ya koma cikinsu, na ga mahaya suna matsowa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya dafa bayansa, wancan ya taɓa hularsa, har da waɗanda jikinsu ya sha kwalta. Mutanen Siatoca ba su gane me ake ciki ba. Ni na gane, kuma tun da nake ban taɓa jin ƙirjina ya cika haka ba. Daga nan ya koma aikinsa, ya ja Aldemar har gindin hawa na ƙarshe, ya iso layin ƙarshe can baya kamar yadda ya saba.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Don Ovidio ya daina gaisawa da shi. Mai kamfani ya kira ya yi ta surfa ruwan bala'i, wai an ɗora masa nasara a faranti an ture. Na ce wa Don Ovidio ya yi tunani mana, da Ferney ya tafi ya ci, har abada za a riƙa cewa ƙungiyar madara ce ta saki shanu a kan abokan tserenta, da wane ido za mu shiga ayari gobe? Ya ce da ni, “Doña Herminda, ke kina ganin mutum ɗaya, ni ina ganin bakuna da yawa da ke ci daga rigar nan.” Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, bawan Allah ya rame a shekarar nan, amma duk da haka na yi mako guda ina zuba masa miya ba gishiri, haka ya riƙa shanyewa. Kafin tseren ya ƙare aka sanar da Ferney cewa ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Ya ce ya gode, ya tambayi ƙarfe nawa za a tashi gobe. Baba kuwa, da ya ji rokokinsa ne suka jawo abin, da farko cewa ya yi shanun Crisanto ne ba su da tarbiyya, duk garin an san haka. Sai dai ya yi Lahadi biyu bai fita coci ba. Yanzu ya warke, in kin zauna kusa da shi a dandali zai nuna miki matakalar ya ce nan jikansa ya zauna, kuma shi ne ya koya masa riƙon magana tun yana ƙarami.

Akwai wani abu da ba a nuna a waya ba, Aldemar ne ya ba ni labari yana kwance ina masa tausa. A tseren ƙarshe na shekara, a watan jiya, rigar jagora tana jikin wani matashi daga kudu, sabon shiga, wanda ya riƙe ta da ƙyar, don haka ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Wani mahayi mutumin Santander, wanda matarsa ta haihu yana kan hanya bai ga jaririn ba, ya zo neman izini ya yi gaba zuwa garinsu. Matsalar ita ce shi ma yana kusa da saman jerin sakamako. Matashin ya ce bai san shi ba, ba ya bayarwa. Aka fara cacar baki ana tafiya. Sai Ferney ya matso daga baya da gorunansa a riga ya ce, “Ni na tsaya masa. In bai jira ba, ni zan ja ayarin nan in kamo shi ko da ƙafata za ta cire.” Matashin ya juyo ya ga wanda ke magana, ya ce, “In kai ka faɗa, ya tafi.” Mutumin ya je ya ga ɗansa, ya tsaya ya jira su. Aldemar ya ce daga ranar duk mai wata buƙata a cikin ayari, ko ta tsayawa ce don wani ya faɗi, ko ta rage gudu a gangara mai santsi, wurin Ferney ake fara zuwa. Ya ce, “Inna Herminda, ni da nake zuwa na biyu ba mai tambayata ko ƙarfe nawa.”

Ranar da aka rufe wannan tseren na ƙarshe, ina wanke tukwane a bayan mota, sai ga Norbey ya zo yana ɗingishi, ya buɗe tukunyata ba izini ya ɗebi sauran shinkafa. Ya ce gwiwarsa ta gama, bana zai ajiye keke, kuma ƙungiyarsu tana neman wanda zai maye gurbinsa ya riƙe musu matasa a kan hanya, mutumin da in ya yi magana a cikin ayari ta zauna. Ya ce sun tambaye shi, suna ɗaya ya ba su. Ƙungiya ce da ta fi tamu nesa ba kusa ba, har ƙetare suke zuwa tsere, har ƙasar da kike. Na aika aka kira Ferney, ya tsaya ya saurara har ƙarshe, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya ce, “Na gode, babban yaya, Allah ya saka. Amma na ba mahaifiyata magana, kuma ban ci zango ba.” Norbey ya ajiye cokali ya dafe kai ya ce, “Wannan mutum zai kashe ni. Kai kullum a tsaye kake kana jiran wani?” Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Da roƙo da lallashi dai Norbey ya ce za su riƙe masa gurbin har ranar kunna kyandirori a farkon Disamba, in ta wuce sai su ba wani.

Yanzu haka Ferney yana nan Siatoca. Ya wanke keken tas, ya shafa masa mai, ya rataye shi a ɗakin Baba, ya sauko da tsohuwar jakar tafiyarki daga kan sif ya kaɗe ƙura. Da safe yana gona yana taya tonon dankali, da yamma ya tambaye ni irin sanyin da ake yi a wurinku da takalmin da ya kamata ya saya. Da ya ga na fara zancen sai ya ce, “Inna, kada ki roƙe ta. Ta sha wahala a kanmu, ta isa ta ce in zo.” To, ban roƙe ki ba. Na san abin da ya sa kike son ya zo. Na san shekarun da kika yi kina wanke tsofaffin wasu, na san yadda gabanki ke faɗuwa duk lokacin da aka nuna mahayi kwance a kwalta, kuma na san kina so ki buɗe ido da safe ki ga ɗanki a teburi. Ba wanda zai ga laifinki, ni ma ba zan gani ba. Abin da nake so kawai ki sani shi ne irin mutumin da kika haifa, domin kin yi kukan kunya a kan ranar da ya kamata ki yi guɗa. Maganar tana hannunki, ba wanda ya isa ya sake shi sai ke. In kin ce ya zo, zai zo ya ɗauki kwandon lemo, ya yi aikin da zuciya ɗaya, kuma har ki mutu ba za ki taɓa jin ƙorafi daga bakinsa ba. Wannan ne abin da ke ba ni tsoro.

Baba yana gaishe ki, ya ce maganin shafawar da kika aiko ya ƙare, kuma wai na kantin nan ruwa ne zalla. Marleny da takwararki suna gaisuwa, haka Kawu Evangelista da iyalinsa, da Doña Chiquinquirá wadda cinikin wainarta ya bunƙasa tun daga ranar, tana ta sa miki albarka. Ki gaida Yurani da mijinta, ki gode masa a madadina bisa ɗawainiyar neman aikin, ki sumbatar mini yaran. Ba ki ga gaisuwar Ferney a ciki ba, domin bai san na rubuta ba. Ranar Lahadi bayan coci yakan zauna a ƙofar gidan Baba, a kan dakalin nan inda waya ke kamawa.

Allah ya tsare ki, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarki mai ƙaunarki,
Herminda